Jar Saniyar Baffa

A Gwandu aka ba ni aikina na farko bayan na gama makarantar horon malamai, ina koyar da 'yan aji huɗu. Ban yi aure ba tukuna. Na kama ɗaki ɗaya a hanyar fadama, mai ƙofa ta waje, inda masu jakuna ke wucewa da buhunan albasa. Ban da riƙe alli, abu biyu na iya a lokacin: zane da dara. Zanen ban ɗauke shi a bakin komai ba. Darar kuwa ina ji da ita ƙwarai, har fiye da yadda ya kamata.

Bayan la'asar ake zaman dara, ƙarƙashin wani dogonyaro a gaban shagon tela. Gurbi talatin a ƙasa, wannan ya riƙe kara goma sha biyu, wancan tsakuwa goma sha biyu, wanda ya jera uku ya ci ɗaya daga na abokin wasansa. Cikin wata biyu na kayar da duk wani mai baki a wurin, har aka fara cewa a kira malamin makaranta idan baƙo ya zo da cika baki.

Akwai wani dattijo da ke zama a gefe kullum yana tufkar igiya. Kowa Baffa yake ce masa, har waɗanda suka kusa kai shi shekaru. Bafulatani ne dogo, siriri, ba ya yawan magana, kuma ban taɓa ganin ya sa hannu a wasan ba. Telan ne ya ba ni labarinsa. A da yana da garke a wajen Malisa. Shekarar da ciwon bushiya, annobar nan ta shanu, ya shigo, shanunsa suka ƙare ƙaf cikin 'yan makonni, bai tsira da ko maraƙi ba. Matarsa ta riga ta rasu, sai ya dawo gari ya zauna a gidan mijin 'yarsa, yana tufka igiya yana kai wa kasuwa.

Wata ranar Asabar da hantsi ina ƙofar ɗakina ina zana taswira a jikin falanki, da ragowar fentin da aka shafa wa tagogin makaranta, sai na ji an tsaya a kaina. Baffa ne. Ya daɗe yana kallo, ya yi mini sannu da aiki, ya wuce. Washegari ya dawo. Bayan mun gaisa ya tsuguna, ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fito da wani abu a ƙunshe cikin tsumma.

Saniya ce ta yumɓu, ba ta fi babban yatsa tsawo ba. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya gina shanun laka yana ƙarami, amma wannan daban take. Tozonta ya ɗan kwanta gefe, cikinta ya sauka kamar na wadda ta sha haihuwa, ta ɗan juya kai kamar an kira ta.

Ya ce, "Malam, kana iya sa ma wagga launi?"

Na ce, "Wane iri, Baffa?"

"Fara ta. Amma ba fari irin na alli ba. Kamar nono da ya kwana. Kunnuwa baƙi, da bakin. Ƙafar baya ta hagu, daga nan zuwa nan, baƙi."

Na yi dariya na ce ai wannan kamar ya san ta. Bai yi dariya ba. Ya ce shekara goma sha ɗaya ya yi da ita.

Haka muka fara. Shi yake ɗebo yumɓu a fadama ya gina, 'yarsa ta ba wata maƙwabciyarsu mai ginin tukwane ta gasa tare da tukwanenta, sannan ya kawo mini. Burushin makaranta ya yi kauri, sai na yanko gashin jelar akuya na ɗaure a bakin tsinke da zare. Wani mai rubuta allunan shaguna ya riƙa ajiye mini gindin gwangwanayen fentinsa, ina tsarma su da kananzir a cikin murafen kwalba. Ɗakina ya koma warin kananzir, har shugaban makarantarmu ya tambaye ni ko na fara gyaran fitila ne.

Baffa ba ya yarda in yi fenti ba ya nan. Zai zauna a bakin ƙofa, igiyarsa a cinya, ya riƙa nuna mini da tsinke: nan akwai ɗigo, nan launin ya fi duhu, wannan tabon ƙaya ce ta yi mata a mashaya. Idan na yi kuskure ba ya faɗa, sai dai ya ce, "Ba ita ba ce." In goge da kananzir, in jira ta bushe, in sake. Akwai wata mai dabbare-dabbare da na yi sau biyar. A karo na biyar ya ɗauke ta ya kai kusa da fuskarsa, sannan ya faɗi wata kalma da Fulatanci a hankali. Ban tambaye shi ma'anarta ba.

Abu ɗaya ya hana ni: ido. Na so in ɗiga musu baƙi a wurin ido, ya riƙe mini hannu. Ya ce shi bai gina musu ido ba, ni ma kada in sa, ba halitta muke yi ba, tuni ne kawai.

Ta ƙarshe da ya kawo ita ce jar. Ƙahonta na dama a karye yake daga tsakiya. Na ɗauka wajen gashi ya karye, na ce bari in nemi abin liƙewa. Ya ce a'a, haka take, ta karya shi ne a bakin rijiya tana karsana. Jan ya ba ni wahala. Wanda nake da shi ya yi haske kamar na alawa, sai da na riƙa ƙara baƙi da ɗan rawaya, yana cewa saura kaɗan, har muka kwana uku a kan launi ɗaya. A cikin kwanakin nan ne ya yi mini maganar da ta fi kowace tsawo tun da na san shi. Kakar wannan saniya mahaifiyarsa ce ta ba shi ranar da aka yi masa aure. Da matarsa ta kwanta ciwo bayan haihuwa, da nonon kakar nan aka rayar da 'yarsa. Jar kuma ita ce ta ƙarshe da ta faɗi a shekarar ciwon.

Ya ce, "Kwana huɗu tana tsaye bayan duka sun kwanta. Ni har na ce ta tsira."

Da muka jera su a kan tabarma sai na ƙirga na ga goma sha biyu ne. Ni na kawo shawarar mu yi dara da su, kuma da wasa na faɗa. Sai ya ce shi ma ya ƙirga. Ya gina mini nawa goma sha biyu a kwana biyu, duk iri ɗaya, na shafe su da shuɗi don kada su rikice da nasa. Yana ce musu shanun kasuwa, wai ba a san uwarsu ba. Tunda ba za su tsaya a gurbin ƙasa ba, na sa kafinta ya yanko mini falanki, na ja layuka da farin fenti, na riƙa ɗora shi a kan ɗan teburin da nake duba littattafan aji.

Ranar farko ya cinye ni sau uku a jere. Ashe duk zaman nan da yake yi a gefe yana tufka, yana ganin kurakuranmu ne yana shiru. Ya ce a daji suka koya, lokacin da shanu ke kwance da rana tsaka babu abin yi.

Kusan shekara biyu muka yi a haka, kuma ban ƙara samun kwanaki irinsu ba. In dawo daga makaranta, in ci abinci, in yi la'asar, in fito da tebur ƙofar ɗaki. Wani lokaci ya zo da rake, wani lokaci da fura a ƙwarya daga wajen 'yarsa. Idan zai matsa saniya sai ya yi mata ɗan sautin nan na harshe da makiyaya ke yi. Idan na ci masa ɗaya ya ce, "Kai, wagga ba ta da laifi," ya karɓe ta ya kwantar a cinyarsa. A wasa goma ina samun uku, wani lokaci huɗu.

A hankali na lura da wani abu. Wajen dasa shanu, kullum jar tana kusurwa, inda ba a cika buƙatar ta ba. Ba ya matsa ta sai dole. Ni ma, ba tare da mun taɓa yin maganar ba, idan na samu ci sai in ɗauki wata in bar ta. Ko da cin ta ne zai fi mini amfani, sai in kau da kai. Idan wasa ya ƙare tana tsaye, ko shi aka cinye, sai ya tashi da fara'a.

Labarin shanun ya bazu, masu zaman dogonyaro suka fara zuwa kallo. Suka ga kuma yadda Baffa ke yi da ni. Telan ya fi kowa tsokana. Duk inda ya gan ni sai ya ce, "Malam, yaya kiwo? An ce mai igiya ya ɗaure ka." Ana dariya ina dariya, amma abin yana cina. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, kuma dara ce kaɗai abin da garin ya san ni da shi.

Wata ranar kasuwa aka matsa mana mu kawo allon ƙarƙashin dogonyaro. Mutane sun taru sosai, har da baƙi daga Masama da suka kawo kaya suna jiran mota, har da shugaban makarantarmu da ya tsaya da kekensa. Baffa bai so ba, ni na lallashe shi. Wasan farko ya cinye ni, telan ya yi tafi.

A wasa na biyu ni na fara jera uku. Akwai wata fara a tsakiya da ta tare mini hanya, duk mai ido ya san ita ya kamata in ci. Na miƙa hannu na wuce ta, na je kusurwa na ɗauki jar. Na ɗaga ta sama yadda kowa zai gani, na ce, "Wannan tsohuwar ta isa yanka. Bari a kai wa mahauta."

Aka kwashe da dariya. Ba su san komai a kanta ba, a wurinsu 'yar yumɓu ce mai karyayyen ƙaho. Ni kaɗai na sani a duk taron.

Baffa ya miƙo hannu kamar yadda ya saba don ya karɓe ta. Ban ba shi ba, na ajiye ta a gefena, a ƙasa. Ya dubi inda take, ya dubi allon. Daga nan wasansa ya watse. Ya matsa abin da bai kamata ba, ya bar ƙofa a buɗe, na cinye shi cikin ɗan lokaci. Aka sake dasawa, na sake fara cin ta, na sake cinye shi. Na yi haka sau uku. A na ukun ma ban yi wata magana ba, jama'a ne da kansu suka riƙa cewa, "A kai mahauta! A kai mahauta!"

Da aka kira magariba ya tattara shanunsa ɗaya bayan ɗaya, ya goge ƙurar da ke jikin jar da bakin rigarsa, ya ƙunshe su a tsumma ya miƙo mini, don a ɗakina suke kwana. Ya ce, "Malam, ka iya dara." Ya ɗauki igiyarsa ya nufi masallaci.

Washegari na fito da tebur, bai zo ba. Kwana na biyu ma haka. Ba wai ya yi fushi da ni a fili ba. Muna haɗuwa a masallaci, ya amsa gaisuwata har da tambayar makaranta. Na ce, "Baffa, kwana biyu ba ka leƙo ba." Ya ce igiya ta yi yawa, damina ta kusa, masu dabbobi na nema. Na karɓi wannan amsar don ta fi mini sauƙi. Na riƙa gaya wa kaina cewa wasa ne, kuma ƙa'ida ta ba ni dama in ci wadda na ga dama. Sau biyu na kama hanyar gidansu da niyyar ba shi haƙuri. Na farko na tarar da baƙi a zaure, muka gaisa na dawo. Na biyu ban ma kai ba, na tsaya hira a shagon tela.

Na koma zaman dogonyaro da kara da tsakuwa, ina cinye kowa kamar da. Shi kuma ya sauya wurin tufka, ya koma bakin kasuwa.

Bayan an ba mu sabuwar jiha aka yi ta sauye-sauyen ma'aikata, ni aka tura ni Kalgo. Ranar da zan tashi, da safe, na ɗauki ƙunshin shanunsa na je na same shi a zaure. Na tsuguna na gaishe shi, na gaya masa an ɗauke ni, na ajiye ƙunshin a gabansa. Ya kwance ya dube su, bai taɓa ko ɗaya ba, ya mayar ya ɗaure.

Ya ce, "Ka tahi da su. An ce Kalgo akwai ruwa."

Maganar tana bakina. Wallahi tana bakina. Sai na ji ina ba shi labarin motar da za ta kwashi kayana, da yadda direban ya ce kada in makara. Ya yi mini addu'a doguwa, ya ce Allah ya sa in gama da iyayena lafiya. Na tashi na tafi.

A Kalgo na yi aure, na samu 'ya'ya, fentin kuma bai bar ni ba. Na koyi ginin yumɓun da kaina. Na yi masunta da kwalekwalensu, na yi jakuna da raƙuma, na yi wa wani abokin aikina daga Wurogauri 'ya'yan dara masu siffar kifi da kada. Ranar da babu makaranta nakan wuni a zaure da tsinke a hannu, matata ta aiko da abinci ya huce ban sani ba. Shanun Baffa kuwa suna cikin gwangwanin madara a ƙasan akwati. Ban sake ɗora su a allo ba.

Tsakanin Kalgo da Gwandu ba wata tafiya ba ce, mutum zai je ya dawo a wuni ɗaya. Shekara huɗu ban je wurinsa ba. Sau ɗaya aka tura mu taron malamai a can, a motar ofis. Da za mu fito gari na hango shi a bakin kasuwa, igiyoyi a gabansa, ya ƙara ramewa, ya sa hannu a goshi yana kare rana. Na ce wa direba ya tsaya. Ya ce hadari ya haɗo, hanya kuma ba kyau, ko dole ne? Sauran malaman suka juyo suna dubana. Na ce a'a, mu je, wata rana na dawo.

Wani ɗan kasuwar albasa ne ya gaya mini rasuwarsa, a tasha, a tsakiyar wata hira daban. Har an yi sadakar bakwai. Ranar Asabar na shiga mota da gwangwanin a jakata.

Mijin 'yarsa ya karɓe ni a zaure, muka yi addu'a, sannan ya yi mini iso. Ta fito ta zauna daga bakin ƙofa, mace mai kamar shekara arba'in, doguwa irin mahaifinta. Na yi mata gaisuwa. Na buɗe gwangwanin na juye a hankali a kan tabarma na ce amanar Baffa ce na kawo.

Ta matso. Ta fara ɗaukarsu ɗaya-ɗaya tana kiran sunayensu da Fulatanci, ba ta yi kuskure ko tsayawa tunani ba. Ta ce wannan mai harbi ce, ba mai tatsarta sai Baffa. Wannan ita ke gaba idan za a ƙetare ruwa. Tana yi tana dariya tana share ido da bakin mayafi.

Na ce, "Ya taɓa gaya miki abin da ya raba mu?"

Ta dube ni da mamaki. "Wani abu ya raba ku, Malam? Shi dai ya ce aiki ya yi maka yawa."

Sai na gaya mata. Na faɗi komai, har maganar mahauta, har yadda na ajiye ta a ƙasa. Mijinta ya sunkuyar da kai.

Can ta ce, "Bai faɗa ba. In da shina riƙe da kai da na sani, don ba ya iya ɓoye mini." Ta ƙara da cewa, "Amma da ka zo, Malam. Bara da idonsa ya fara rauni ya tambayi maigidan nan ko motar Kalgo tana tashi kullum. Munka ce mai kullum tana tashi. Bai sake maganar ba."

Ban san abin da na amsa ba. Na tuna an kawo mini fura na kasa sha, mijin ya rako ni har bakin hanya yana ba ni labarin yadda albasa ta yi a shekarar, ina cewa haka ne, haka ne. A mota aka ba ni wurin zama a baya, kusa da wata tsohuwa mai kaji biyu a kwando. Da muka wuce gonakin rake ta dube ni ta ce, "Ɗana, ko ba ka da lahiya?" Na ce mata daga gaisuwar rasuwa nake. Ta tambaya ko mahaifina ne. Na ce a'a, abokina ne. Ta ce Allah ya jiƙansa, na ce amin, ta gyara kwandonta ta ba ni wurin miƙe ƙafa.